Zubar da Ciki da Ƙuri'ar Kirista: Yadda Batun Yake a Amurka da Yadda Yake a Gombe

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, akwai wani irin bidiyo da ke yawo a zaurukan WhatsApp na zumuntar matasa da zumuntar mata a majami'unmu, daga cikin garin Gombe har Billiri da Kaltungo. Galibi wani mai wa'azi ne Ba'amurke yake magana da zafi, yana cewa duk Kiristan da ya jefa ƙuri'arsa ga ɗan takarar da ke goyon bayan zubar da ciki, jinin marasa laifi yana hannunsa, kuma babu maganar tattalin arziki ko ta tsaro da za ta wanke shi. Masu tura bidiyon da zuciya ɗaya suke turawa, domin abin da mai wa'azin yake karewa abu ne da su ma suka gaskata. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne ko ƙa'idar da yake kafawa, wato auna ɗan takara da batu guda tak, ta dace da takardar ƙuri'ar da ake miƙa wa mutumin Gombe ko na Bauchi a rumfar zaɓe.

Ni Kirista ne, kuma na gaskata cewa abin da ke cikin mahaifa ran ɗan Adam ne, ba a kuwa ba wani mahaluki ikon ɗauke shi don sauƙin kansa ba. Na faɗi haka tun da wuri domin kada a ɗauki abin da zai biyo baya a matsayin sassauci. Sai dai girman zunubi abu ɗaya ne, ikon da ƙuri'a take da shi na rage wannan zunubi kuma wani abu ne daban, kuma haɗa su biyun ba tare da lura ba shi ne ke rikita tunanin mutane masu kyakkyawar niyya.

Game da koyarwar kanta, babu wata babbar jayayya a tsakaninmu. Littafi Mai Tsarki bai keɓe wata aya da ta ambaci zubar da ciki da gangan da sunansa ba, amma Kiristoci tun zamanin farko sun fahimci hukuncin daga yadda Nassi yake maganar ɗan da ba a haifa ba. A Zabura 139 mai zabura ya ce Allah ne ya siffata shi a cikin mahaifiyarsa, a Irmiya 1:5 Ubangiji ya gaya wa annabin cewa ya san shi tun kafin ya yi shi a ciki, a Luka 1:41 kuma jaririn da ke cikin Alisabatu ya motsa da jin gaisuwar Maryamu. Wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda ya fito daga ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya hana kashe ɗa ta hanyar zubar da ciki da kalmomi bayyanannu. A 1995 Fafaroma John Paul na Biyu ya sake jaddada wannan matsayi a wasiƙarsa mai suna Evangelium Vitae. A mumbarin ECWA da COCIN da Baptist da Katolika a yankinmu, abu ɗaya ake koyarwa. Maƙwabtanmu Musulmi ma, waɗanda galibinsu mazhabar Malikiyya suke bi, suna kan fahimtar da ta fi sauran mazhabobi tsanani a wannan batu, don haka ba wani abu ba ne da ya raba masallaci da majami'a a Gombe.

Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da wannan koyarwa ma'aunin zaɓe, kuma wannan yana da tarihi da ƙasar haihuwa. A ranar 22 ga Janairu 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade cewa tsarin mulkin ƙasar ya ba mace 'yancin zubar da ciki, hukuncin da ya rushe dokokin jihohi masu yawa a lokaci guda. Katolika ne suka fara tashi tsaye a kan lamarin. Ikilisiyoyin bishara, waɗanda a yau aka fi sani da wannan gwagwarmaya, sun ɗan jinkirta, har ma babban taron Baptist na Kudancin Amurka ya zartar da ƙuduri a 1971 yana neman a yi dokar da za ta ba da damar zubar da ciki idan an yi fyaɗe, ko cikin na muharrami ne, ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. Sai a ƙarshen shekarun 1970 ra'ayi ya juya, mai wa'azi Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar siyasa ta Kiristoci mai suna Moral Majority a 1979, aka ɗaura wannan batu a wuyan jam'iyyar Republican, Ronald Reagan kuma ya ci zaɓen 1980 da goyon bayan waɗannan masu ƙuri'a.

Dalilin da ya sa lissafin ya yi ma'ana a can shi ne yadda tsarinsu yake. Kotu ce ta halatta abin, shugaban ƙasa ne yake zaɓar alƙalan kotun, Majalisar Dattawa ce take tantance su, alƙalin kuma yana kan kujerarsa har mutuwa ko ritayar da ya ga dama. Saboda haka mai ƙuri'a yana iya bin igiyar da idonsa daga akwatin zaɓe har zuwa hukuncin kotu. Haka kuwa aka yi. A 2016 kusan kashi 80 cikin ɗari na fararen fata mabiya ikilisiyoyin bishara sun zaɓi Donald Trump, da yawansu suna cewa halayensa ba su kwanta musu ba amma kujerun kotun suke dubawa. Ya naɗa alƙalai uku, Neil Gorsuch a 2017, Brett Kavanaugh a 2018, da Amy Coney Barrett a 2020, kuma a ranar 24 ga Yuni 2022 kotun ta soke hukuncin Roe a shari'ar Dobbs, ta mayar da ikon yin doka ga jihohi. Jihohi fiye da goma suka haramta zubar da ciki kusan gaba ɗaya.

Akwai ɓangaren labarin da bidiyoyin ba su cika kawowa ba. Ba a yi wata biyu da hukuncin ba, mutanen jihar Kansas, wadda aka sani da ra'ayin mazan jiya, suka yi watsi da gyaran tsarin mulkin jiha da zai buɗe hanyar haramcin, da rinjayen kusan kashi 59 cikin ɗari. Ƙididdigar Cibiyar Guttmacher, mai bincike kan lafiyar haihuwa a Amurka, kuma ta nuna cewa a 2023 an zubar da ciki sama da miliyan ɗaya a Amurka, wato fiye da na 2020 lokacin da Roe ke aiki, domin mata suna tsallaka iyakar jiha ko a aiko musu da ƙwayoyi ta gidan waya. Shekara kusan hamsin aka yi ana neman wannan nasara ta shari'a, kuma na yarda nasara ce, amma ba ta rage adadin rayukan da ake rasawa yadda aka yi fata ba.

Ko a cikin Ikilisiya a can, ba a taɓa zama baki ɗaya kan yadda za a auna ƙuri'a ba, kuma wannan muhawara ta cancanci a fahimce ta da kyau domin dukan ɓangarorin biyu masu ƙin zubar da ciki ne. A 2019 majalisar bishop-bishop ɗin Katolika ta Amurka ta bayyana zubar da ciki a matsayin batun da ya fi kowane muhimmanci ga mai ƙuri'a, ta kuma maimaita haka a 2023. Hujjarsu ita ce wannan hari ne kai tsaye a kan rai, yana faruwa a cikin iyali inda ya kamata ɗa ya fi samun kariya, kuma yawan rayukan da abin ya shafa ya zarce na sauran matsaloli. A ɗaya gefen akwai tunanin da Kadinal Joseph Bernardin na Chicago ya gabatar a 1983, cewa kare rai abu ne guda da ba ya rabuwa, wanda ya haɗa da ɗan tayi da matalauci da fursunan da aka yanke wa kisa da wanda yaƙi ya rutsa da shi. Fafaroma Francis ya rubuta a 2018 cewa kare ɗan da ba a haifa ba dole ya zama a sarari kuma da ƙarfi, amma ran matalaucin da aka riga aka haifa shi ma mai tsarki ne daidai da haka. A Satumban 2024, da aka tambaye shi game da manyan 'yan takarar shugabancin Amurka biyu, ya ce dukansu suna gaba da rai, ɗaya ta wajen korar baƙin haure, ɗaya ta wajen zubar da ciki, ya shawarci kowa ya bi lamirinsa ya zaɓi wanda sharrinsa ya fi sauƙi.

Bayanin da na ga ya fi warware ƙullin shi ne na Kadinal Joseph Ratzinger a 2004, kafin ya zama Fafaroma Benedict. Ya ce ba dukan batutuwan ɗabi'a ne nauyinsu ya kai na zubar da ciki ba, kuma wanda ya zaɓi ɗan takara domin yana goyon bayan zubar da ciki ya yi tarayya a cikin laifin. Amma wanda bai yarda da ɗan takarar a kan wannan batu ba, ya zaɓe shi saboda wasu dalilai, hakan yana iya halatta idan dalilan suna da nauyin da ya kai. Ko wanda ba Katolika ba zai amfana da wannan rarrabewa, domin ta nuna cewa niyyar mai ƙuri'a da abin da ƙuri'ar za ta haifar a zahiri dole a sa su duka a ma'auni.

To, yaya lamarin yake a wurinmu? Doka ta riga ta haramta. Kundin dokokin laifuffuka da jihohin Arewa suka gada tun 1960, wanda aka fi sani da Final Kod, ya tanadi a sashe na 232 cewa duk wanda ya zubar wa mace ciki da gangan zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun, sai dai idan an yi ne da gaskiya don ceton ran uwar. Jihohin Kudu suna da irin wannan tanadi a kundinsu, daga sashe na 228 zuwa 230. Bauchi da Gombe kuma suna cikin jihohin da suka ƙara da dokokin shari'ar Musulunci ga Musulmi. A zaɓen 2023 babu ko ɗaya daga manyan 'yan takarar shugaban ƙasa da ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin halatta zubar da ciki. Abin da ya cika bakin Kiristocin yankinmu a lokacin shi ne tikitin Musulmi da Musulmi, da tsaro, da ƙarancin takardun naira. Idan mai ƙuri'a a Balanga ko Bogoro ya ce da wannan batu kaɗai zai tace 'yan takara, zai tarar dukansu sun wuce ta rariyar, domin babu ɗan siyasar da zai hau mumbari a Arewa maso Gabas ya faɗi akasin haka.

Amma haramcin doka bai hana aikin ba, kuma a nan ne ya kamata zuciyarmu ta yi nauyi. Binciken da Cibiyar Guttmacher ta yi tare da masanan Nijeriya ya ƙiyasta cewa a 2012 an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a ƙasar nan, wato 33 cikin kowace mata dubu masu shekara 15 zuwa 49. A Arewa maso Gabas adadin ya kai 41 cikin dubu, wanda ya zarce matsakaicin ƙasa. Mata kimanin 212,000 aka yi wa jinya a asibiti a wannan shekara saboda matsalolin da suka biyo baya, waɗanda kuma suka galabaita ba su samu kulawa ba sun fi haka yawa. Ga kuma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ce a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Sau da yawa idan uwa ta tafi da jijjiga ko zubar jini ko doguwar naƙuda, ɗan da ke cikinta ma tafiya yake yi, kuma shi ma ɗan da ba a haifa ba ne, ko da yake ba a cika lissafa shi a wa'azin kare rai ba.

Duk wanda ya zauna da matan zumunta ko ma'aikatan jinya ya san yadda abin yake faruwa. Yarinya ce 'yar sakandare ko 'yar kwaleji, wata ya wuce ba ta ga al'adarta ba, wanda ya yi mata cikin ya ce bai san zancen ba ko ya miƙa mata 'yan kuɗi ya ce ta san yadda za ta yi. Ba za ta iya gaya wa mahaifiyarta ba. Wata ƙawa ta nuna mata kemis ɗin da ba a tambaya, ko wani ɗaki a bayan layi inda mutumin da bai taɓa shiga makarantar likita ba yake wankin ciki. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, tana zubar da jini, tana ce wa mutanen gida ciwon mara ne, har sai ta kasa tashi a sa ta a Keke Napep cikin dare. Abin da ya kai ta ɗakin nan ba ra'ayin wata jam'iyya ba ne. Tsoron kora daga makaranta ne, da tsoron uba, da tsoron ranar Lahadin da za a kira sunanta a gaban ikilisiya a ce an sa ta a horo, ta koma bencin baya da ciki a gaba, alhali saurayin yana nan cikin ƙungiyar mawaƙa domin jikinsa bai nuna komai ba. Akwai kuma matar aure mai 'ya'ya shida wadda mijinta ya daina kawo cefane, ita ma tana cikin ƙididdigar, kuma ba a cika tunawa da ita ba.

Idan haka ne, Kiristan Gombe da ya ɗauki ran ɗan tayi da muhimmanci yana da tambayoyin da suka fi "kana goyon baya ko ba ka goyon baya" amfani, kuma kowace kujera da irin tata tambayar. Dokar laifuffuka ta jiha ce, saboda haka ɗan majalisar jiha, wanda yawancinmu muke dangwala masa ƙuri'a ba tare da sanin ko me ya taɓa cewa a zauren majalisa ba, ya fi shugaban ƙasa iko a kan wannan doka. Gwamna ne yake da alhakin ko za a rufe asibitocin bogi, ko za a sa ido a kan shagunan magani, ko asibitin sha-ka-tafi na ƙauye yana da ungozoma mai kwana a wurin, ko babban asibiti yana da jini da wuta lokacin da ake bukatar yi wa mace aiki. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma abin tambaya ga gwamna mai neman ta-zarce shi ne nawa aka rubuta, nawa kuma aka saki da gaske, domin ratar da ke tsakanin biyun takan yi faɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga kiwon lafiya a matakin farko, kuma hakkin 'yan majalisar tarayya ne su bi sawun kuɗin. Haka nan shari'ar fyaɗe: muddin ana kashe maganar a gidan mai unguwa da ban-haƙuri da 'yan kuɗi, za a ci gaba da samun cikin da ake gaggawar ɓoyewa.

Wani zai ce wannan duk gaskiya ne, amma barazanar sauya doka tana nan tafe, kuma idan aka yi barci za a farka a tarar an gama. Wannan magana tana da tushe, bai kamata a raina ta ba. Nijeriya ta amince a 2004 da Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka, wadda sashenta na 14 ya bukaci ƙasashe su ba da damar zubar da ciki a asibiti idan an yi fyaɗe, ko cikin muharrami ne, ko lafiyar uwa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa tana cikin haɗari, kuma ƙungiyoyi suna kafa hujja da ita wajen neman a faɗaɗa dokarmu. A jihar Imo, wata doka ta 2012 ta ƙunshi sashen da ya buɗe ƙofar zubar da ciki, ba a farga ba sai bayan an sa mata hannu. Da Cocin Katolika a Owerri ya tashi tsaye, majalisar ta soke sashen a 2013, Gwamna Rochas Okorocha kuma ya nemi gafara. A Legas, gwamnati ta ƙaddamar da jagora ga likitoci kan cire ciki a yanayin da doka ta yarda a watan Yunin 2022, amma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da ita a watan Yuli bayan ƙorafin shugabannin addini. Abin lura a misalan biyu shi ne ba a ranar zaɓe aka yi su ba, ba kuma da ƙuri'a aka warware su ba. Mutanen da suka zauna suka karanta abin da aka rubuta, suka yi magana da murya ɗaya, su ne suka juya lamarin. Majami'ar da take son ta tsare wannan doka a Gombe ko Bauchi tana bukatar lauyoyinta da likitocinta su riƙa bin ƙudurorin majalisar jiha sashe-sashe, su halarci zaman jin ra'ayin jama'a, a duk tsawon shekara huɗun.

Siyasar Amurka kan wannan batu tana taɓa mu ta wata hanya guda da ake iya gani. Tun 1984 Reagan ya kafa ƙa'idar hana kuɗin tallafin Amurka ga ƙungiyoyin ƙasashen waje da ke yin zubar da ciki ko tallata shi, kuma kowane shugaban Democrat yakan soke ta, na Republican ya dawo da ita, kamar yadda Trump ya yi a 2017 da 2025. Wannan yana shafar ƙungiyoyin lafiya da ke aiki a nan, amma ba mu da ƙuri'a a can.

Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne a saye mu da araha. Ɗan takara ya zo majami'a ranar godiya, a ba shi makirufo, ya ce shi mai tsoron Allah ne kuma ba zai taɓa yarda a kawo mana al'adun Turawa ba, a yi masa tafi, ya ajiye baiko mai kauri ya tafi. Bai yi alkawarin komai da zai ci masa ko sisi ba, domin ya kare dokar da babu wanda yake yaƙa a mazaɓarsa, kuma babu wanda ya tambaye shi me ya sa asibitin garin ba shi da likita. Kafin zaɓen 2027, dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata suna da damar gayyatar masu neman kujerar majalisar jiha da ta gwamna su zauna a gabansu, a tambaye su matsayinsu kan sashe na 232, a tambaye su ko yarinyar da ta haihu za ta iya komawa aji a makarantar gwamnati, da yadda za su yi da masu wankin ciki a bayan layi, da adadin ungozomomin da za su ɗauka aiki da garuruwan da za a tura su. A rubuta amsoshin a ajiye a ofishin sakataren ikilisiya, domin a samu abin da za a karanta wa wanda ya ci idan ya dawo neman zango na biyu.